Yadda Budurwa Za Ta Zaɓi Tsarin Rage Ƙiba Tsakanin Gyaran Abinci Da Motsa Jiki

Duk yarinyar da ta ƙudiri aniyar rage ƙiba a yau, ba shawara za ta rasa ba, yawan shawarar ne zai rikita ta. Wata ƙawa za ta ce ta daina cin tuwo da shinkafa baki ɗaya, wata ta ce ta riƙa wuni ba ta sa komai a ciki ba sai bayan azahar, wata ta rantse da wani shayi da ta ga ana tallarsa a Instagram, ga kuma masu cewa duk wannan wahalar banza ce, ta sayi igiya kawai ta riƙa tsalle. Abin da gwaje-gwajen likitoci suka nuna ya fi haka sauƙin fahimta: gyaran abinci ne ke sauke mafi yawan nauyin, motsa jiki ne ke hana shi dawowa, kuma tsarin abincin da ya fi amfani shi ne wanda za a iya dafawa a tukunyar gidanku, ki kuma iya riƙe shi har shekara ta zagayo.

Ki fara da awo kafin ki taɓa abincinki

Ba duk mai ganin ta yi ƙiba ba ce take da nauyin da za ta rage. Binciken ƙasa kan lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, amma kashi 12 cikin 100 ramewa ce matsalarsu, kuma ramewar ta fi yawa a arewa. Saboda haka ki hau sikeli da safe kafin ki karya kumallo, ki auna tsayinki da mita, sannan ki fitar da ma'aunin da ake kira BMI: ki ninka tsayin da kansa, ki raba nauyin da abin da ya fito. Mai tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 72 za ta raba 72 da 2.56, ta sami 28.1. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da ke buƙatar kulawa. Wadda ta sami ƙasa da 25 ba rage abinci take buƙata ba. Wadda ba ta kai shekara 18 ba kuwa, wannan ma'auni na manya bai shafe ta ba, jikinta yana kan girma, sai likita ya duba ta tukuna.

Bayan sikeli sai tef ɗin tela. Ki zagaya shi a tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, kusan daidai cibiya, ba tare da kin shanye ciki ba. Idan ya wuce santimita 80, wato inci 31 da rabi, haɗarin ciwon sukari da hawan jini ya fara ƙaruwa, idan ya wuce 88 kuma haɗarin ya yi yawa. Wannan awo ya fi sikeli faɗin gaskiya, domin kitsen da ke taruwa a ciki kewaye da hanta da hanji shi ne mai cutarwa, ba wanda ke cinya da ɗuwawu ba.

Daga nan ki sa wa kanki burin da hankali zai ɗauka. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi a cikin wata 6 ya isa ya sauya lafiyar jiki, wato kilo 4 zuwa 7 ga mai kilo 72. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, an nemi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako, sai yiwuwar kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100.

Lissafin da ke ƙarƙashin kowane tsari

Kowane tsarin abinci, ko da wane suna aka yi masa ado, aiki ɗaya yake yi: ya sa abin da kike ci ya gaza abin da jiki ke ƙonewa, sai jiki ya koma cin kitsen da ya ajiye. Ana auna ƙarfin abinci da kalori. Giram ɗaya na sitaci ko furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, yana da kalori 4, giram ɗaya na mai yana da 9. Idan kika rage kusan kalori 500 a kullum, nauyi yakan sauka da kimanin rabin kilo a mako a farkon tafiyar, daga baya saurin ya ragu.

Ki dubi inda kalori 500 ɗin yake a cimarmu. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kusan kalori 120, kuma mai zuba mai a kan garau-garau ko ɗanwake ba ta cika tsayawa a cokali biyu ba, tuttula shi ake yi har sai ya kwanta a gindin kwano. Robar lemon kwalba mai santilita 50 tana da sukari sama da giram 50, kusan ƙaramin cokali 13, kalori 200 da ɗoriya. Ƙaramin cokali 3 na sukari a shayin safe kalori 50 ne. Wato da rage cokali biyu na mai, da barin roba ɗaya ta lemo, da shan shayi ba sukari, kin cike 500 ɗin ba tare da kin taɓa malmalar tuwonki ba. Idan da tafiya za ki ƙone wannan adadi, sai kin yi fiye da awa ɗaya da rabi kina sauri, kowace rana ta Allah. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa abinci ke gaba wajen sauke nauyi.

Tsare-tsaren abincin da ake ta magana a kansu

Na farko, wanda ya fi tashe, shi ne rage sitaci, har zuwa matsanancinsa da ake kira keto, inda ake barin tuwo da shinkafa da taliya da burodi da doya da dankali, a koma nama da ƙwai da kifi da ganye da mai. Yana burge mutane domin a makon farko sikeli yakan sauka da kilo ɗaya ko biyu. Amma akasarin wannan ruwa ne: jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya tare da kusan giram 3 na ruwa, to da ajiyar ta ƙare sai ruwan ya fita ta fitsari, ranar da aka koma cin tuwo kuma ya dawo. Wannan ba yana nufin tsarin ba ya aiki ba ne. A wani gwaji da aka wallafa a 2007, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun raba mata 311, waɗanda duk ba su daina al'ada ba, zuwa tsarin abinci huɗu, bayan shekara guda masu rage sitaci sosai sun sauke matsakaicin kilo 4.7, sauran rukunan uku kuma tsakanin kilo 1.6 da 2.6. Sai dai da jami'ar ta sake wani gwaji mafi girma da mutum 609, wanda aka wallafa a 2018, inda aka koya wa kowane ɓangare barin sukari da kayan gwangwani da yawaita ganye, masu rage sitaci sun sauke kilo 6, masu rage mai kilo 5.3, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. A cikin kowane rukuni an sami wanda ya sauke kilo 20 ko fiye, an kuma sami wanda ya ƙara nauyi.

Ni ba na ba budurwar da ke gaban iyayenta ko ɗalibar da ke zaune a makaranta shawarar keto, kuma dalilina na aljihu da na zamantakewa ne. A gidan da ake tuƙa tuwo kowane dare ana zuba wa kowa daga tukunya ɗaya, wadda ta ce sai nama da ƙwai za ta ci sau uku a rana ta ɗauko wa kanta tsada da surutu, kuma da wuya ta kai wata biyu. Abin da za a iya ɗauka daga tsarin shi ne rage sitacin da aka tace: farin burodi, fulawa a fanke da cincin, taliyar leda, sukari a kunu da zoɓo. Tuwon dawa da na gero da acca, waɗanda ba a cire musu dusa duka ba, sun fi daɗewa a ciki.

Na biyu shi ne rage mai. A wurinmu wannan ya fi sauƙin bi, domin man ba ɓoye yake ba, a gabanki ake zuba shi. Ƙosai da alale duk wake ne, amma ɗaya ya yi iyo a kaskon mai, ɗaya turara shi aka yi. Awarar da aka soya sau biyu, an tsoma ta a ƙwai an mayar kasko, ta ninka wadda aka jefa cikin miya nauyi. Ki riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan, ki yawaita miyar kuka da kuɓewa da kalkashi waɗanda ba sa neman mai da yawa, ki mayar da soyayyen abu na marmari. Kada dai ki bar mai ɗungurungum, jiki yana buƙatarsa domin ɗaukar wasu bitamin irin su A da D.

Na uku shi ne taƙaita lokacin cin abinci, a ci a cikin awa 8 a bar sauran 16. A wani gwaji da aka yi da mutum 139 a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, aka wallafa a 2022, an rage wa kowa kalori daidai wa daida, amma rabi aka ce su ci daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma kawai. Bayan shekara sun sauke kilo 8, sauran kilo 6.3, kuma masu binciken ba su ɗauki tazarar a matsayin tabbatacciya ba. Mu da muke azumin Ramadan mun san wannan a jikinmu: bincike ya nuna matsakaicin abin da ake saukewa a watan bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, kuma yakan dawo 'yan makonni bayan salla, wadda ta cika buɗa-baki da soye-soye da kunu mai zaƙi ma tana iya fita da ƙari. Tsarin yana taimakon wadda matsalarta ciye-ciyen dare ne. Bai dace da mai gyambon ciki ba, ko mai shan maganin ciwon sukari, ko wadda yunwa kan sa ta yi wa abinci cin huce haushi da yamma.

Na huɗu, wanda ba shi da suna mai daɗin talla amma shi na fi amincewa da shi, shi ne gyaran faranti. Ki ci abin da aka dafa a gida, amma ki sauya rabon: rabin faranti ganye da kayan lambu, kamar zogale, rama, alayyafo, kabeji, latas ko kabewa, rubu'i abinci mai gina jiki, wake, kifi, ƙwai, nama, awara ko kindirmo, rubu'i kuma tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannunki. Mai cin malmala biyu ta koma ɗaya ta ƙara miya. Mai son kwaɗon zogale ta sani cewa ganyen ba shi da nauyi, ƙuli-ƙuli da man da aka zuba su ne abin lura. Fura da nono abinci ne cikakke, ba abin sha ba ne da za a kora da shi bayan an ci shinkafa, kuma sukarin da ake zuba mata ne ya kamata a rage. Wani gwaji na mutum 811 da aka wallafa a 2009 ya kwatanta tsari huɗu masu bambancin mai da sitaci da furotin na tsawon shekara 2, sakamakonsu ya zo kusan ɗaya, kuma waɗanda suka fi halartar zaman ba da shawara su suka fi sauke nauyi. Wato dagewa ce ta raba mutane, ba sunan tsarin ba.

Abin da motsa jiki ke iya yi da wanda ba ya iyawa

A nan ne 'yan mata da yawa suke karaya, domin sun yi wata guda suna zuba gumi sikeli bai motsa ba. Akwai gwajin da ya yi magana a kan wannan kai tsaye. An wallafa shi a Amurka a 2003, an sa matasa masu ƙiba motsa jiki har minti 45 a rana, kwana 5 a mako, tsawon wata 16, ba tare da an taɓa abincinsu ba. Mazan sun sauke kusan kilo 5. Matan nauyinsu ya tsaya inda yake, amma takwarorinsu da ba su yi motsa jikin ba sun ƙara kusan kilo 3. Wani gwajin kuma da aka yi a birnin Siyatil na Amurka da mata 439, kodayake su manya ne da suka daina al'ada, ya nuna cewa a shekara guda masu motsa jiki kaɗai sun sauke kashi 2.4 cikin 100 na nauyinsu, masu gyaran abinci kaɗai kashi 8.5, masu haɗa biyun kashi 10.8. Dalili a fili yake: motsa jiki yana buɗe ciki, mutum ya ci ƙari ba tare da ya lura ba, ko ya wuni a kwance don gajiya.

Amma kuskure ne babba a ce don haka a bar shi. Idan aka rage abinci ba a motsa jiki, ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, kuma tsoka tana cikin abubuwan da ke ƙone kalori ko da kina zaune. Sannan idan aka dubi waɗanda suka rage ƙiba ta kuma ƙi dawowa, kamar mutanen da ke cikin wata rajista da aka buɗe a Amurka a 1994 ta waɗanda suka sauke aƙalla kilo 13.6 suka riƙe shi shekara ɗaya ko fiye, za a tarar mafi yawansu suna motsa jiki kusan awa guda a kullum, kuma tafiya a ƙasa ce suka fi yi. Ban da wannan, yana gyara yadda jiki ke sarrafa sukari, yana saukar da hawan jini, yana kyautata barci, ko da sikeli bai nuna komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Matsakaici shi ne wanda za ki iya magana kina yi amma ba za ki iya rera karatu da jan numfashi ba. Ki fara da tafiyar sauri ta minti 15 bayan asuba ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, ki riƙa ƙara minti 5 duk mako har ki kai 30 zuwa 45. Wadda fita ke yi mata wuya, tsakar gida ta ishe ta: zagaye da sauri, hawa da sauka a kan dakali ko matakala, rawa a ɗaki da ƙofa a rufe. Daka da surfe da jan ruwa a rijiya motsa jiki ne na gaske idan an daɗe ana yi har numfashi ya ɗaga. Don ƙarfafa tsoka, ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa hannu ba sau 10 zuwa 15, ki dafa bango ki tura jikinki, ki ɗaga robobin ruwa cike a hannu biyu, ki huta ki maimaita sau biyu ko uku. Tsallen igiya yana ƙone kalori da sauri, amma wadda BMI ɗinta ya haura 30 ta jinkirta shi, gwiwa da idon sawu ba za su ji daɗinsa ba.

Yadda za ki jera matakan

Kada ki sauya komai da komai a rana ɗaya. A makon farko ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki, har da ɗanɗanen miya a bakin murhu da gyaɗar da aka miƙo miki ana hira, ba tare da kin rage komai ba. A mako na biyu ki cire abin sha mai zaƙi ki fara auna mai, ki kuma fara tafiyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci ya fi kyau kada ya wuce giram 25 a rana, kusan ƙaramin cokali 6. A mako na uku ki gyara rabon faranti, a na huɗu ki shigo da atisayen tsoka. Ki sanar da Mama ko wadda ke riƙe da girki abin da kike ciki, domin ita ke zuba abincin, kuma idan ta fahimci lafiya kike nema ba raina girkinta ba, za ta fi kowa taimaka miki. Ki nemi barcin awa 7 zuwa 9, rashin barci yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo.

Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, lokaci ɗaya, tef kuma sau ɗaya a wata. Kwanaki kafin al'ada jiki yakan riƙe ruwa har nauyi ya ƙaru da kilo ɗaya ko fiye, don haka ki kwatanta wata da wata, ba mako da mako ba.

Abubuwan da suka keɓanta da jikin mace

Wannan ɓangare na fi so a karanta da natsuwa. Binciken nan na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Mace mai al'ada tana buƙatar kusan miligiram 18 na sinadarin ƙarfe a rana, fiye da ninkin abin da namiji ke buƙata. Idan yarinya mai ƙarancin jini ta koma rayuwa a kan kokwamba da ruwan lemon tsami, jiri da faɗuwar gaba da zubar gashi ne za su biyo baya. Ki riƙe wake da hanta da nama da kifi da ganye, ki haɗa su da lemo ko gwaiba ko tumatir domin jiki ya fi ɗaukar sinadarin, ki kuma nisanta shayi daga lokacin cin abinci domin yana tare shi. Idan al'ada ta ɗauke wata 3 a jere kuma ba ciki ba ne, ko kika ga tsoron abinci ya kama ki har kina jawo amai bayan kin ci, ki dakatar da tsarin ki ga likita, wannan ya zama ciwo.

Mai ciki ba ta rage ƙiba, mai shayarwa kuma jikinta yana neman ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana, sai ta tsaya a kan barin zaƙi da soye-soye da yin tafiya. Wadda ƙibarta ta zo tare da rikicewar al'ada da ƙuraje da fitowar gashi a haɓa, ta je wurin likitan mata a duba ko tana da lalurar ƙwan mace da ake kira PCOS, wadda ke samun kusan mace 1 cikin 10, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yakan taimaka wajen daidaita al'adar. Wasu magunguna ma suna sa ƙiba, musamman deksametazon, wanda ke cikin ƙwayoyin da wasu 'yan mata ke sha don su yi jiki, yana kumbura fuska da ciki, yana jawo ciwon sukari da hawan jini. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janye shi ƙarƙashin kulawar likita.

Shayin rage tumbi kuwa, akasarinsa maganin gudawa ne irin su filasko, ko mai sa yawan fitsari. Ruwa da gishirin jiki yake fitarwa, kitse yana nan daram. An sha kama wasu ƙwayoyin rage ƙiba da aka ce na ganye ne ɗauke da sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC kada ya shiga cikinki. Alluran zamani irin su Wegovy suna aiki da gaske, a gwajin da aka wallafa a 2021 an sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi a mako 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku a shekara guda, ba a yi wa mai ciki ko mai neman ciki, kuma likita ne kaɗai ke da hurumin rubuta su.

Bayan wata 4 zuwa 6 nauyi yakan tsaya cak, domin ƙaramin jiki yana ƙone kalori kaɗan. Idan haka ta faru kada ki ƙara matse abinci. Ki koma rubuta abin da kike ci na mako guda don ki gano abin da ya lallaɓo ya dawo, ki ƙara minti 10 a tafiyarki, ki ƙara nauyin robobin da kike ɗagawa. Idan kuma kin yi wata 3 kina bin tsarin da gaskiya amma sikeli da tef duk ba su motsa ba, ki je asibiti a gwada sukarin jininki da aikin halittar nan ta wuya da ake kira thyroid, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, ki tafi da takardar da kika rubuta abincinki da awonki a kai domin likita ya gani.